Yadda Ɓarawo Ya Ari Sunan Banki: Tarihin Amanar Kuɗi a Gaya

Tun kafin a gina gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville a ƙarshen shekarun 1950, fatake ke ƙetare kogin Kwara a wannan yanki da kwalekwale, su bi ta Kandi da Jugu zuwa Gwanja neman goro. Kuɗinsu wuri ne, ga shi da nauyin tsiya, don haka galibin ciniki kan bashi da amana yake tafiya. Fatoma ke saukar baƙo, ya tsaya masa, ya ajiye masa dukiya. Mai son cuta a lokacin sai ya nuna fuskarsa, fuskar kuwa an san gidan ubanta.

Takarda ce ta fara ɓoye fuskar. A shekarun 1980 wasiƙu suka riƙa fita daga Legas ɗauke da tambarin Babban Bankin Najeriya na jabu, abin da aka laƙaba wa 419, lambar sashen dokar da ta haramta damfara. Gwanin wannan fage shi ne Emmanuel Nwude, wanda ya shiga rigar gwamnan bankin, ya yaudari wani jami'in Banco Noroeste na Brazil da kwangilar filin jirgin saman da babu shi. Dala miliyan 242 ta salwanta, kotu ta ɗaure shi a 2005.

Da imel ya zo, kan sarki ma ya huta.

Tun 2014 da Najeriya ta fito da lambar tantance masu asusun banki ta BVN, 'yan damfara suka samu sabuwar ƙugiya. Saƙo zai shigo da launin banki sak, a ce za a rufe asusu yau ɗin nan in ba a sabunta bayanai ba. Adireshin shafin da ke cikin saƙon kan bambanta da na gaskiya da harafi ɗaya tak. Ɗan kasuwar Gaya da ke da asusun naira saboda cinikin Kamba ta Najeriya, ga kaya a hanya, ba ya tsayawa ƙirga haruffa: sai ya latsa, ya rubuta lambar sirri da hannunsa. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, amma mai saƙon yana iya zama a Kwatano ko Legas.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka toshe gadar Gaya da kwantenoni. Fasinja da buhunan kaya suka koma kwalekwale kamar zamanin fatake, kuɗin kuwa suka ci gaba da ƙetare kogin ta waya, ta kamfanonin tura kuɗi NITA da Amana.