Sikeli ko Kisa?

Damben da muka gada a Dutsin-Ma da Kurfi bai san sikeli ba. Da kaka ta yi, mahauta kan ɗaure hannu su shiga fage, ƙato da siriri, kisa ke raba gardama.

Damben Turawa ne ya zo da ajin nauyi. Ɗan Najeriya Dick Tiger ya ci kambun matsakaita a 1962, ya haura aji, ya doke José Torres a 1966. Marvin Hagler na Amurka kuwa bai haura ba, ya riƙe kambunsa daga 1980 zuwa 1987. Dukansu sun shahara.

Yanzu da aka fara auna 'yan dambenmu, mu tuna Shago na Ɗan Anace: mazajen da ya kayar ake lissafawa, ba nauyinsa ba.