Barikin Dodan da Dajin Boma: Yaƙin da Kakanninmu Suka Yi da Japan



Duk wanda ya zauna a Legas ya san Barikin Dodan da ke gefen Obalende, inda aka mulki ƙasar nan tun zamanin Gowon har Babangida ya koma Abuja a 1991. Da yawanmu mun taso muna zaton sunan daga “dodo” ya fito, tunda wuri ne da ake shakka. Ba haka ba ne. Dodan wani wuri ne a ƙasar Boma, wadda yanzu ake kira Myanmar. Haka ma barikokin Arakan da Tamandu a Apapa, da Myohaung a Yaba, da Letmauk da ke Mokola kusa da 'yan uwanmu na Sabo a Ibadan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Duk sunayen wurare ne da sojojin Nijeriya suka gwabza da sojojin Japan a 1944 da 1945. Kullum muna wuce ƙofofin nan a mota ko a kan babur, amma kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin abin da ya kai kakanninmu can, ko wane irin abokin gaba suka tarar.

Dattawanmu “yaƙin Hitila” suke ce wa Yaƙin Duniya na Biyu, amma waɗanda aka kai Boma ba su ga Bajamushe ko ɗaya ba. Yaƙin Japan daban ne, kuma ya girmi na Hitila.

Japan ƙasa ce ta tsibirai, ba ta da man fetur, ba ta da wadataccen ƙarfe. Daga 1868 shugabanninta suka ga yadda Turawa ke cinye ƙasashen Asiya ɗaya bayan ɗaya, suka yanke shawarar cewa gara su zama masu ci da su zama abin ci. Suka gina masana'antu da rundunar soja irin ta Turai. A 1895 suka ci Sin da yaƙi suka karɓe Taiwan. A 1905 suka ci Rasha, abin da ya girgiza duniya, domin mutanen zamanin ba su saba ganin ƙasar Asiya ta kayar da babbar daular Turawa ba. Daga Masar har Indiya mutanen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka sun yi murna. Bayan shekara biyar, a 1910, Japan ta haɗiye Koriya, ta yi mata irin mulkin da Turawa ke yi wa wasu.

A watan Satumba na 1931 wasu hafsoshin Japan suka dasa bam a layin dogo kusa da birnin Mukden, suka ɗora wa Sinawa laifi, suka mamaye yankin Manchuriya baki ɗaya. Gwamnatin farar hula da ke Tokyo ba ita ta ba da umarni ba, amma ta kasa tsawata wa sojojinta, daga nan kuwa linzami ya kuɓuce mata. Da ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin ta ƙi amincewa da mamayar, sai Japan ta fice daga cikinta a 1933. A watan Yuli na 1937 yaƙi sosai ya ɓarke tsakaninta da Sin.

Abin da ya faru a Nanjing ba ya da daɗin faɗi, amma dole a faɗe shi. Birnin ya faɗi ran 13 ga Disamba 1937. Kimanin mako shida sojojin Japan suka yi suna kashe fursunonin yaƙi da farar hula, suna yi wa mata fyaɗe, suna ƙona unguwanni. An riƙa tara maza a bakin kogin Yangtze ana buɗe musu wuta. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ce waɗanda aka kashe sun haura 200,000, gwamnatin Sin kuma tana cewa 300,000. A can Manchuriya, kusa da Harbin, akwai wata runduna mai lamba 731 ƙarƙashin wani likitan soja mai suna Ishii Shiro. Aikinta gwajin makaman ƙwayoyin cuta a jikin mutane masu rai: a sa wa fursuna annoba ko kwalara a zuba ido a ga yadda zai mutu, wani ma a feɗe shi da ransa. Sannan ga dubban 'yan mata, akasarinsu daga Koriya da Sin da Filifin, da aka yaudara ko aka kama da ƙarfi aka tsare a gidajen da sojoji ke zuwa biyan buƙatarsu.

Yaƙin Sin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga shi kusan kashi 80 cikin 100 na man da Japan ke amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Da Japan ta shiga kudancin Indochina a 1941, Amurka ta rufe mata famfo. Zaɓi biyu ya rage: ta janye daga Sin, ko ta ƙwace rijiyoyin man Indonesiya da ke hannun Holan. Ta zaɓi na biyu. Ran 7 ga Disamba 1941 ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor, kuma cikin 'yan watanni ta kwashe Hong Kong da Malaya da Filifin da Indonesiya. Ran 15 ga Fabrairu 1942 sojojin Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta kimanin 80,000 suka miƙa wuya a Singafo. A watan Maris Rangun, babban birnin Boma, ya faɗi.

A nan ne za mu ɗan tsaya, domin mun sha jin wasu matasanmu a zaure ko a waya suna yaba Japan cewa ita ce ta karya lagon Bature. Akwai gaskiya a ciki. Mutanen Asiya sun ga Turawa suna gudu, sun gan su a ɗaure, kuma kwarjinin da ya zube a Singafo bai sake dawowa ba. Japan kanta da wannan ta yi talla, tana cewa ta zo ne ta 'yantar da Asiya. Amma a tambayi waɗanda aka ce an 'yantar. Layin dogon da ta gina tsakanin Tailan da Boma, mai tsawon kilomita 415, ya ci rayukan fursunonin yaƙi kimanin 12,000, kuma su ne fina-finan Turawa ke nunawa. Leburorin Asiya da suka mutu a kan layin nan, Tamilawa da mutanen Boma da Malaya da Jawa, sun ninka wannan adadi sau da yawa, ana ƙiyasta su kusan 90,000, yawancinsu ko sunansu ba a rubuta ba. A Indonesiya Japan ta fara da zawarcin malamai, sannan ta wajabta wa kowa ya riƙa sunkuyawa yana fuskantar fadar sarkinta da ke Tokyo. Malamai suka ce wannan ya yi kama da ruku'u, ba za su yi wa wani mahaluki ba. Shaihu Hasyim Asy'ari, jagoran ƙungiyar Nahdlatul Ulama, an ɗaure shi a 1942 kan wannan. Shi kuwa Aung San na Boma, wanda ya shigo ƙasarsa tare da sojojin Japan yana fatan samun 'yanci, ran 27 ga Maris 1945 ya juya musu bindiga.

To, wannan ce rundunar da aka aika kakanninmu su tunkara. Birtaniya ta rasa sojoji, sai ta waiwayo Afirka ta Yamma. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, da mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, kimanin 90,000 gaba ɗaya, fiye da rabinsu daga Nijeriya. Wasu sun shiga da ƙafarsu saboda albashi da kaki, wasu kuma hakimi ko dagaci ne ya cike da su adadin da aka yanka masa. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki a rundunar Nijeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta, saboda haka Batibi da Babarbare da Bazabarme duk da Hausa suke magana a sansani. Aka loda su a jirgin ruwa daga Legas zuwa Bombay, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su.

Turawan sun ɗauka cewa tunda baƙar fata ne, ai ya saba da kurmi. Mutumin Katsina ko Gumel da bai taɓa ganin daji mai duhu da rana tsaka ba, shi aka jefa cikin tsaunukan Arakan da kwarin kogin Kaladan, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni, ga matsattsaku, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni. Inda mota ba ta shiga, alfadari ma ya gaza, sojojinmu ne ke ɗaukar harsashi da sassan igwa a ka. Abinci ta jirgin sama ake jeho musu. Bataliyoyi uku na Nijeriya kuma an haɗa su da rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. Daga nan Barikin Chindit na Zariya ya samo suna. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohon babban birnin Arakan.

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rubuta abin da suka gani shi ne Isaac Fadoyebo, mutumin yankin Owo, ma'aikacin jinya a rundunar. A watan Maris na 1944 Japanawa suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi a gidansa tare da wani soja ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun gama yawo. Musulmin wannan yanki su ne Rohingya da muke jin labarin korarsu a rediyo yau.

Ƙarshen yaƙin kowa ya san shi. Kafin bam ɗin nukiliya ma, ruwan wutar da jiragen Amurka suka yi wa Tokyo a dare ɗaya cikin Maris 1945 ya kashe mutum kimanin 100,000. Hiroshima ran 6 ga Agusta, Nagasaki ran 9, Tarayyar Sobiyet ta afka Manchuriya, ran 15 ga wata Sarki Hirohito ya yi jawabin saranda ta rediyo. Talakan Japan ma ya biya bashin da ba shi kaɗai ya ci ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba mu mamaki. An gurfanar da manyan shugabanni 28 a kotun Tokyo, aka rataye bakwai a Disamba 1948, ciki har da Tojo Hideki, firaministan da ya kai ƙasar yaƙi da Amurka. Sarkin da aka yi yaƙin da sunansa ba a ko kira shi shaida ba, saboda Janar MacArthur na ganin mulkin Japan zai fi sauƙi in yana kan gado. Ya zauna a kai har rasuwarsa a 1989. Ishii na runduna ta 731 bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba: Amurka ta karɓi sakamakon gwaje-gwajensa ta ba shi kariya. Kishi Nobusuke, wanda ya yi minista a gwamnatin Tojo, an tsare shi shekara uku aka sake shi ba shari'a, a 1957 ya zama firaminista. Jikansa ne Shinzo Abe. Dalili ɗaya ne: 'yan gurguzu na cin nasara a Sin, Amurka na buƙatar Japan a gefenta, sai aka naɗe tabarmar shari'a.

Ba za mu ce Japan ba ta canza ba. Kundin tsarin mulkinta na 1947 ya haramta mata ƙaddamar da yaƙi, kuma tun daga lokacin ba ta mamaye ƙasar kowa ba. A 1993 gwamnatinta ta amsa cewa da hannun soja a tsare matan nan, bayan wata dattijuwa 'yar Koriya, Kim Hak-sun, ta fito a 1991 ta faɗi abin da aka yi mata bayan kusan shekara hamsin tana shiru. A 1995 Firaminista Murayama ya nemi afuwa. Sai dai a 1978 an shigar da sunayen mutum 14 daga cikin manyan waɗanda aka tuhuma a wurin ibada na Yasukuni, kuma duk sanda wani shugaba ya kai ziyara can, Sin da Koriya sai su ce tuban na fatar baki ne.

Namu kuwa a 1946 akasarinsu suka dawo. Kuɗin sallamarsu bai kai na Baturen da suka kwana rami ɗaya da shi ba, aikin da da yawa suka sa rai bai samu ba. Wasu sun koma gona, wasu suka zama direbobi da masu gadi da 'yan doka, wasu kuma da jirgi ya sauke su a Legas ba su ƙarasa gida ba, suka zauna a zangonni irin namu.  Turawa kansu “rundunar da aka manta” suke kiran sojojin da suka yi yaƙin Boma, to ina ga baƙaƙen cikinta. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ma an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba an mayar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare.

Waɗanda suka je Boma yau kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Amma muna da yaƙinin cewa a wasu gidajenmu akwai lambar yabo mai siffar tauraro a ƙasan adaka, ko littafin sallama da ya yi ja, ko hoton wani saurayi da kaki da babbar hula wanda jikoki ba su san ko wane ne ba. Duk wanda ke da irin wannan, ya ɗauki hotonsa ya turo wa sakataren ƙungiya, tare da sunan mai shi da garinsu na asali da abin da aka ji daga bakinsa, ko da jimla biyu ce.