Tarihin Littattafan Soyayya na Kirista

Littattafan soyayya na Kirista wani reshe ne na ƙagaggun labarai da ya yi tushe a Amurka da Kanada, musamman a tsakanin Furotesta masu wa'azin bishara. Labarin yakan bi namiji da mace har zuwa aure ko alkawarin aure, amma ba a kaiwa ga wannan ƙarshe sai kowannensu ya gyara tsakaninsa da Allah. Galibin marubutan mata ne, haka ma masu karatun. Daga cikin jigogin da suka fi karɓuwa akwai na masoyan ƙuruciya da suka rabu, suka sake haɗuwa bayan shekaru, dawowar soyayyar ta zo tare da dawowar bangaskiya.

Asali

Tushen wannan adabi yana cikin labaran gida da tarbiyya na ƙarni na 19. A 1850 Susan Warner ta fitar da The Wide, Wide World, labarin wata yarinya da wahala ta koya mata dogara ga Allah. A 1866 Augusta Jane Evans ta fitar da St. Elmo, inda Edna Earl ta ƙi auren mutumin da take so har sai da ya tuba, daga baya ma ya zama fasto. Wannan tsari na tuba kafin aure shi ne marubutan baya suka gada.

Wadda aka fi dangantawa da kafa salon ita ce Grace Livingston Hill (1865–1947), 'yar wani fasto na cocin Firesbiteriya. Mijinta, wanda shi ma fasto ne, ya rasu a 1899 ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, sai rubutu ya zama hanyar cin abincinta. Ta rubuta littattafai sama da 100. Jarumarta yawanci budurwa ce mai ƙaramin ƙarfi da riƙon addini, wadda halinta na gari ke jawo namiji zuwa ga tuba. Bayan ita, Christy na Catherine Marshall, wanda ya fito a 1967, ya ba da labarin wata matashiyar malama a wata makarantar mishan da ke tsaunukan Tenesi, kuma ya samu kasuwa har a wajen da'irar coci.

Farfaɗowa daga 1979

A shekarun 1970 littattafan soyayya na gama-gari a Amurka sun fara bayyana sha'anin kwanciya ɓaro-ɓaro. Mata masu zuwa coci da yawa sun ja da baya, ga shi kuma shagunan littattafan Kirista sun fi cika da wa'azi da tafsirin Littafi Mai Tsarki. Wannan gurbi ne Janette Oke, 'yar lardin Albata a Kanada, ta cike da Love Comes Softly, wanda kamfanin Bethany House na jihar Minesota ya buga a 1979. Labarin Marty ne, matashiya mai juna biyu da mijinta ya rasu suna isa yammacin ƙasar. Don ta samu inda za ta fake a lokacin hunturu, ta auri Clark Davis, manomi da matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya. Auren larura ne, amma haƙurin Clark da addu'arsa suka jawo ta a hankali zuwa ga so da bangaskiya. Cinikin da littafin ya yi ya buɗe idon sauran kamfanonin ɗab'i na Kirista.

Bunƙasa

A shekarun 1990 ne salon ya tsaya da ƙafarsa. Francine Rivers, wadda ta yi suna a soyayyar gama-gari kafin ta ba da kanta ga addini a 1986, ta fitar da Redeeming Love a 1991, aka sake buga shi da gyara a kamfanin Multnomah a 1997. Ta ɗauko labarin Annabi Hosiya da matarsa Gomer daga Tsohon Alkawari, ta kai shi Kalifoniya a zamanin rububin zinariya na shekarun 1850. Jarumar, Angel, an sayar da ita ga karuwanci tun tana yarinya, tana ta gudu daga mijinta, shi kuwa bai daina jiranta ba. Littafin ya nuna cewa salon zai iya taɓa fyaɗe da cin zarafi, abubuwan da a da ake kauce musu.

Kamfanin Barbour ya fara jerin Heartsong Presents a 1992. A 1997 Harlequin, babban kamfanin littattafan soyayya, ya buɗe jerin Love Inspired mai fitar da sababbin gajerun littattafai kowane wata. A wannan shekarar ce kuma The Shunning na Beverly Lewis ya share fagen labaran 'yan Amish na Fensilbaniya, mutanen da ke guje wa mota da lantarki. An fara ba da lambar yabo ta Christy a 2000, shekarar da aka kafa ƙungiyar marubuta da yanzu ake kira American Christian Fiction Writers.

Jigon tsohuwar zuma

Labarin masoya da suka rabu suka dawo ya girmi wannan salo. Jane Austen ta yi shi a Persuasion, inda Anne Elliot ta sake haɗuwa da Kyaftin Wentworth shekara 8 bayan an sa ta fasa aurensa. Abin da marubutan Kirista suka ƙara shi ne haɗa rabuwar masoya da nisantar Allah. Sau da yawa abu guda ne ke jawo rabuwar da nisantar duka: mutuwar uwa ko uba, rabuwar auren iyaye, cikin shege, ko wata ƙarya da aka binne. Ɗayan masoyan ya bar garinsu, ya daina zuwa coci, ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Sai jana'iza ko gado ko rashin lafiyar wani ta dawo da shi gida. Nan zai tarar da tsohuwar masoyiyarsa, da tsohon cocinsu, da laifin da ya gudu ya bari. Ba zai iya neman gafararta ba sai ya yarda shi ma Allah zai gafarta masa. Ginin labarin ya yi kama da misalin ɓataccen ɗa a Bisharar Luka sura 15, shi ya sa ya zauna daram a zukatan masu karatu da suka tashi da wannan misali.

Karen Kingsbury tana cikin waɗanda suka fi amfani da jigon. A The Chance na 2013, Ellie da Nolan, abokai tun ƙuruciya a birnin Sabana na jihar Jojiya, sun rubuta wa juna wasiƙa ana gobe za a tafi da Ellie Kalifoniya. Suka sa wasiƙun a wani tsohon akwatin ƙarfe, suka binne a gindin wata babbar bishiya, da alkawarin dawowa bayan shekara 11 su karanta. Kafin lokacin ya cika, Ellie ta rabu da bangaskiyarta, Nolan kuwa ya zama tauraron ƙwallon kwando mai riƙe da addini, bai kuma daina nemanta ba. A Redemption na 2002, wanda ta rubuta tare da Gary Smalley, ta juya jigon: saurayin ƙuruciya ya dawo a lokacin da jarumar, Kari Baxter, ke fama da miji maci amana, sai tsohuwar soyayyar ta zama jarrabawa ga alkawarin aure.

Ƙa'idoji da kasuwa

Kamfanonin ɗab'i suna gindaya wa marubuta sharuɗɗa. Ba a nuna kwanciya, ba a zagi, kuma abin da ke tsakanin masoya kafin aure bai wuce riƙe hannu da sumba ba. Idan an yi zunubi a baya, ana ambatonsa ne tare da sakamakonsa. Yawanci ba a faɗin ɗarikar cocin, don 'yan Baftis da 'yan Metodis da sauransu duk su ga kansu a ciki.

Masu suka suna cewa labaran suna bin turba ɗaya, suna sauƙaƙa matsalolin aure, kuma sun daɗe suna fifita rayuwar fararen fata na ƙananan garuruwa. A littafinta Romancing God na 2006, Lynn Neal ta tattauna da masu karatu, ta nuna cewa da yawansu suna ɗaukar karatun a matsayin hutu da kuma ƙarfafa bangaskiya, har suna musayar littattafan a coci.

Kasuwar ta sauya a ƙarni na 21. Shagunan littattafan Kirista na Family Christian sun rufe gaba ɗaya a 2017, LifeWay ma ta rufe nata a 2019. Ciniki ya koma intanet, marubuta da yawa suka koma buga littattafansu da kansu. Talabijin da fim sun ƙara wa salon masu bi: tashar Hallmark ta mayar da Love Comes Softly fim a 2003, ta fara shirin When Calls the Heart daga littafin Oke a 2014, sannan aka nuna fim ɗin Redeeming Love a silima a 2022.