Tarihin Gwajin Ƙarfen Takubban Dimashƙa: Daga Shaidar Ido Zuwa Shaidar Awo

1.0 Gabatarwa

Duk inda maƙera da mahauta da mayaƙa suka zauna, da wuya a tashi ba a yi gardamar wane ƙarfe ya fi wani ba. Gardama ce tsohuwa, kuma har yau masu sha'awar wuƙaƙe a ƙasashe da dama suna kashe dukiya da lokaci wajen gwada wannan ƙarfe da wancan, don su ga wanne ya fi riƙe kaifi, wanne kuma ya fi saurin karyewa. A cikin wannan takarda za mu ɗauki ƙarfe guda ɗaya, watau wanda Turawa suke kira ƙarfen Dimashƙa, mu bi sawun waɗanda suka gwada shi tun daga ƙarni na 9 har zuwa shekarar 2008. Abin da muke son nunawa shi ne, shekara dubu ana yi wa wannan ƙarfe hukunci da ido, kuma ba a san gaskiyar ingancinsa ba sai da aka sami mai takobin da ya yarda a yanyanka takobinsa, aka kuma sami ma'aunin da kowa zai amince da shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu raba abu biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai ƙarfen da ake yi ta hanyar jera falle-fallen ƙarfe iri biyu, a dake su wuri ɗaya, a ninke, a murɗa, har zane ya fito. Wannan shi ne akasarin abin da ake sayarwa yau da sunan Dimashƙa, amma ba shi muke nufi ba. Wanda muke nufi shi ne wanda ake narkarwa cikin ƙaramar tukunyar yumɓu. Akan zuba gutsattsarin baƙin ƙarfe da itace ko ganye a cikin tukunyar, a liƙe bakinta, a zuga mata wuta har ƙarfen ya narke ya shanye sinadarin gawayi, watau kabon, sa'an nan a bar shi ya huce a hankali ya zama curi. Kabon ɗin da yake ciki yakan kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100. An fi yin sa a Kudancin Indiya da tsibirin Sarandib da Farisa da tsakiyar Asiya, sunan Dimashƙa kuwa laƙabi ne da ya bi shi. In aka ƙera takobi da wannan curi, aka goge, aka shafa masa ruwan tsami, sai wani zane ya bayyana a jikinsa kamar igiyar ruwa.

2.0 Zamanin shaidar ido

Rubutu mafi muhimmanci da ya iso mana daga farkon zamani shi ne risalar da Alkindi ya rubuta wa Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842. Alkindi ya raba ƙarfen da ake haƙowa gida biyu, mai tauri wanda ya kira namiji, da mai taushi wanda ya kira mace, sa'an nan ya ware na uku wanda ake sarrafawa a tukunya, watau fulazu. Daga nan ya bi takubba ƙasa-ƙasa, na Yamal da na Hindu da na Sarandib da na Hurasan da na Faranjawa, yana faɗin siffar kowane da zanen jikinsa. Bayan kimanin shekara ɗari biyu, Albairuni ya ƙara bayani a littafinsa na duwatsu masu daraja, har ya ambaci wani aibi da masu yabon ƙarfen suka cika mantawa da shi: fulazu ba ya jure tsananin sanyi, yakan karye, shi ya sa mutanen Rus suke ƙera takubbansu ta wata hanya dabam.

To, me ya sa malamai irin waɗannan suka dogara ga zane? A ganinmu ba camfi ba ne. Ƙarfen da maƙeri yake samu daga tama a wancan zamani, a Turai ne ko a Afirka, ba ya narkewa gaba ɗaya, saboda haka kashin maƙera yakan maƙale a cikinsa, kabon kuma ya yi yawa a wani wuri ya yi kaɗan a wani. Wanda ya narke a tukunya kuwa dattinsa yakan taso sama ya rabu da shi. Mai saye a kasuwa ba shi da ikon karya takobi don ya ga cikinsa, amma in ya ga zanen nan ya san ƙarfen ya narke, kabon ya wadata, kuma maƙerin ya san yadda ake bi da wuta. Watau zanen shaida ce ta gaskiya a kasuwar da ba ta da wani ma'auni.

3.0 Turawa sun shiga neman asiri

A shekarar 1795 George Pearson ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Landan da bincikensa a kan wasu curarrakin ƙarfe da aka aiko daga Bombay, kuma daga nan sunan “wutz” ya shiga bakin Turawa. Wani maƙerin kayan tiyata mai suna James Stodart ya ƙera wuƙa da shi, ya ce ya fi ƙarfen Ingila kaifi. Daga baya ya haɗa kai da Michael Faraday, wanda shi kansa ɗan maƙeri ne, suka yi ta gauraya ƙarfe da azurfa da zinariya da nikel da makamantansu tsakanin 1819 da 1822. Faraday ya zaci sinadarin alminiyam ne yake kawo zanen. Bai dace ba, amma neman da ya yi na daga cikin mafarin ilmin gauraya ƙarafa. A Paris kuma Bréant, ma'aikacin gidan buga kuɗi, ya yi gwaji kimanin 300, a 1823 ya bayyana cewa yawan kabon ne da hucewa a hankali suke haifar da zanen. A Rasha, Pavel Anosov na masana'antar Zlatoust ya duba ƙarfe da madubin ƙara girma tun 1831, ya kuma wallafa littafinsa a 1841 bayan ya ƙera takubba masu zane da hannun ma'aikatansa.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan mutane asirin suke nema, fifikon kuwa sun riga sun sallama. Gwajin da ake ambata a lokacin bai wuce na gargajiya ba: a ƙwanƙwasa takobi a saurari amonsa, a lanƙwasa a ga ko zai koma daidai, a jefa gyalen siliki sama a sare shi. Labarin nan da ya bazu na cewa Salahuddin ya raba mayafi biyu a iska a gaban Sarki Richard, daga ƙagaggen littafin Walter Scott na 1825 ya fito, ba daga tarihi ba. Amma ya yi tasiri a zukatan mutane fiye da rahoton kowane masani.

4.0 Takubban Moser

Matsalar da ta hana bincike ci gaba ita ce, ba a sanin cikin ƙarfe sai an yanka shi, kuma ƙera takubba masu kyawun zane ta riga ta ja baya tun wajen 1750, ta ƙare a ƙarni na 19. Wa zai ba da abin da ba a sake yin irinsa a lalata? Wanda ya yi wannan ƙarfin hali shi ne Henri Moser, wani attajirin Suwizalan da ya tara makaman Gabas masu ɗimbin yawa, waɗanda suke gidan tarihi na Bern a yanzu. Ya ware takubba huɗu da wuƙaƙe biyu ya ba masanin ƙarafa Zschokke, shi kuma ya yanka su, ya auna, ya buga sakamakon a 1924, shekara ɗaya bayan rasuwar Moser.

Sakamakon bai yi wa masoya daɗi ba. Uku daga cikin takubban suna da kabon tsakanin kashi 1.3 da 1.9 cikin 100, na huɗun kuwa kimanin 0.6 kawai, watau ba ma irin ƙarfen ba ne. Sinadarin fosfaras, wanda yake sa ƙarfe gautsi, ya yi musu yawa. Da aka gwada su da takubban Solingen ta Jamus na wannan zamani wajen lanƙwasawa, na Solingen ne suka fi juriya. Da aka sake auna ragowar takubban bayan shekara saba'in, sai aka tarar taurinsu bai kai 40 ba a ma'aunin Rockwell, alhali wuƙar kicin ta yau takan kai 55 zuwa 60.

Sunan Solingen ya isa mu ɗan ratse, don ba baƙo ba ne a tarihinmu. Da Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ne yake shigowa kasuwar a shekara, kowane a kan wuri dubu, ya kuma ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne. A Kano ake yi musu ƙota da kube, Buzaye da Hausawa da Fulani da Barebari su saya. Su ma masu sayen nan da ido suke hukunci, sai dai abin da suke dubawa tambarin maƙeri ne, kamar fuskar jinjirin wata. Da maƙeran gida suka gane haka, sai suka riƙa buga irin tambarin a kan nasu ƙarfen. Tambari yana kwaikwayuwa cikin sauƙi; zanen fulazu kuwa daga cikin ƙarfe yake tasowa, shi ya sa shaidarsa ta fi daɗewa tana aiki.

5.0 Masani da maƙeri

Wajen 1980 wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sherby da Wadsworth, suka jawo hankali ga sha'anin zafi. Maƙeran Turai sun saba dukan ƙarfe yana fari fat, a irin wannan zafi kuwa ƙarfe mai yawan kabon rugurgujewa yake yi a kan uwar maƙera. Dole sai an dake shi yana ja. Wannan ya warware rabin matsala. Ragowar rabin sai da John Verhoeven na Jami'ar Jihar Iowa ya haɗu da Alfred Pendray, maƙerin wuƙaƙe na Florida wanda ya fara da yi wa dawaki takalmi. Sun yi shekaru suna narkawa suna dakawa, wani curi ya ba da zane, wani ya ƙi, ba su san dalili ba. A ƙarshe suka lura curin da yake ba da zane shi ne wanda aka sa wa wani baƙin ƙarfe na Kanada mai ɗan ɓurɓushin sinadarin banadiyam. Gidan tarihi na Bern ya ba su gutsattsarin takubban Moser, suka auna, suka sami ɓurɓushin a ciki.

Bayanin da suka buga a 1998 shi ne kamar haka. Yayin da narkakken ƙarfe yake daskarewa, yakan yi rassa-rassa kamar na bishiya, banadiyam kuma ya taru a tsakanin rassan. Duka yakan miƙar da waɗannan wurare su zama layi-layi. Duk lokacin da maƙeri ya mai da ƙarfen wuta ya fito da shi, ƙwayoyi masu tauri na haɗin ƙarfe da kabon sukan narke a sauran wurare, amma su dawwama su ƙaru a kan layukan nan, har a sami layi kimanin 15 zuwa 30 a cikin milimita ɗaya. Su ne farin da ido yake gani. Abin da ake bukata na banadiyam bai wuce giram 40 a cikin tan guda ba. Babu maƙerin da zai iya sanin yana nan. Saboda haka suka kawo ra'ayin cewa sana'ar ta mutu ne da aka canja wurin haƙar tama: ɗa ya yi duk abin da ubansa ya koya masa, zane ya ƙi fitowa. Ra'ayi ne mai ma'ana, amma mu kam ba za mu ɗora masa dukan nauyin ba, domin a daidai wannan zamani bindiga ta rage wa takobi daraja, ƙarfen Sheffield mai araha kuma ya cika kasuwannin Indiya.

Da aka iya yin ƙarfen sabo, sai gwaji ya sauƙaƙa, tun da ba sai an taɓa kayan tarihi ba. Hanya biyu ake bi a yau. Ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, tana sa mai neman shaidar ƙwarewa ya tsinke igiyar da take reto da sara ɗaya, ya datse katako sau biyu, ya aske gashin hannu da wuƙar, sa'an nan a matse ta a lanƙwasa ta kwana 90 ba ta karye ba. Wannan jikan gwajin Anosov ne, kuma hannun maƙeri yake aunawa fiye da ƙarfen. Hanya ta biyu ita ce na'urar cibiyar CATRA ta Sheffield, wadda take goga wuƙa sau 60 a kan tarin kwali mai kashi 5 cikin 100 na garin yashi, da nauyi ɗaya da gudu ɗaya, ta auna zurfin abin da ta yanka kafin ta dakushe.

A 2008 Verhoeven da Pendray da abokin aikinsu Clark suka kai fulazun da suka yi wannan na'ura, tare da ƙarafan masana'anta na zamani. Da aka ba wuƙaƙen tauri na 61, na zamani ne suka yi gaba. Da aka sauko da taurin zuwa 41, kusa da na takubban Moser ke nan, sai fulazun ya ɗan ɗara ƙarafan kabon na zamani wajen yanka. Ƙwayoyin nan masu tauri da suke jere cikin ƙarfe mai ɗan taushi su ne suke ci gaba da cin kwalin bayan sauran bakin wuƙar ya fara lashewa.