Karakorum, Birnin da Rikicin Gadon Sarauta Ya Cinye

Masu cewa Mongol ba su san komai ba sai tanti da bayan doki, su leƙa kwarin kogin Orkhon a tsakiyar Mongoliya. Nan Karakorum take, kuma daga nan aka taɓa juya ƙasa tun daga arewacin Sin har Rasha.

Wa ya kafa ta? An daɗe ana jayayya. Wasu tsofaffin rubuce-rubucen Sin sun ce Janghis Khan ne ya zaɓi wurin a 1220, kuma da yawa sun fi son wannan zance domin sunan ya fi nauyi. Amma sansanin yaƙi daban, birni daban. Ɗansa Ogedei ne ya ja ganuwa ya gina fada a 1235, a ganina kuwa shi ne mai gari.

Wani malamin Kirista, William na Rubruck, ya iso garin a 1254. Ya tarar da masallatai biyu, coci ɗaya da wuraren bautar gumaka goma sha biyu, ga unguwar Musulmi 'yan kasuwa, ga ta Sinawa masu sana'ar hannu. Ana sayar da gero a ƙofar gabas, tumaki da awaki a ta yamma, shanu da amalanke a kudu, dawakai a arewa. A fada akwai wata itaciyar azurfa da wani maƙerin Faransa, Guillaume Boucher, ya ƙera, tana zubo wa baƙi abin sha iri huɗu, har da nonon goɗiya.

Sai dai gidan sarautar bai taɓa tsayar da ƙa'idar gado ba. Da Ogedei ya rasu a 1241, matarsa Toregene ta riƙe mulki shekara biyar har ta ɗora ɗanta Guyuk. Shi ma bai daɗe ba, ya mutu a 1248. Nan Batu, wani jikan Janghis Khan, ya haɗa kai da Sorghaghtani, matar Tolui ƙanen Ogedei, aka naɗa ɗanta Mongke a 1251, sarauta ta bar ɗakin Ogedei. Abin da ya biyo baya ba daɗin ji: aka karkashe manyan fadawa, matar Guyuk kuwa aka naɗe ta a bargo aka jefa cikin kogi.

Mongke ya rasu a 1259, ƙannensa biyu kowa ya ce shi ne sarki. Arik Boke na riƙe da Karakorum, Kublai na riƙe da gonakin Sin. Garin kuwa ba ya ciyar da kansa. Masanin tarihi Rashiduddin ya rubuta cewa amalanke 500 na abinci ke shiga kullum. Kublai ya datse hanya, yunwa ta shigo, Arik Boke ya miƙa wuya a 1264, aka kwashe fada zuwa inda Beijing take yau. Sojojin daular Ming ta Sin suka ƙarasa rusa garin a ƙarni na 14.

Da duwatsun garin aka gina gidan ibadar Erdene Zuu a wajen 1585, shi ma gwamnatin gurguzu ta rushe yawancinsa a ƙarshen shekarun 1930. UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, an kuma gina gidan tarihi, amma abin na da ciwo: mafi yawan birnin na nan binne ƙarƙashin ciyawa, baƙi na wucewa ta kansa su nufi gidan ibadar.