Daga Kaset Zuwa Waya: Tarihin Sautin Waƙa a Motocinmu

'Yan uwa marubuta, da yawanmu a motar haya, kan hanyar Kano zuwa Ɗambatta da Makoɗa, muka fara sauraron Mamman Shata da kyau. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kai kalangu cikin mota. Sai dai ana kwafar kaset daga kaset, kowace kwafa tana rage tsabtar murya.

Daga baya faifan CD ya zo, sannan memori. Masu tura waƙa suka riƙa matse fayil don ya ɗauki waƙoƙi da yawa, sauti ya ƙara dusashewa. Boomplay ta fara aiki a 2015, Spotify ta shigo Najeriya a 2021. Amma idan sabis ya yi rauni a ƙauye, manhaja kan rage inganci, Bluetooth kuma ya sake matsewa.

Maganin: ka sauke waƙar da inganci mafi girma kafin tafiya, ka haɗa da kebul na USB, ka rage dukan ganga. Shata ya rasu a 1999. Kalmar da ta ɓace maka a muryarsa, babu wanda zai maimaita maka ita.