Tagliatelle: Taliyar da Aka Yanka

A kantunan unguwar Abena da ke Injamena, mai sayen taliya kan ci karo da wani suna a jikin leda: tagliatelle. Kalmar Italiyanci ce, daga aikatau tagliare, wato yankawa. A Bologna, mahaifarta, mata kan murza kwaɓaɓɓen fulawa da ƙwai ya yi falle-falle, su naɗe shi kamar tabarma, su yayyanka da wuƙa. A 1972 har aka yi wa faɗinta rajista a majalisar 'yan kasuwar birnin: milimita 8 bayan ta dahu.

Ni kuwa, duk sanda na ji sunan, taliyar murji nake tunawa, wadda iyayenmu mata ke shanyawa a igiya, a ci da manja da yaji.